Baiti, Inda Magana Ke Kwana

Idan watan Mauludi ya kama, Rara ba ta bambanta da sauran garuruwan ƙasar Sakkwato ba. Bayan sallar lisha sai muryoyi su fara tashi daga zauruka, ɗaya yana ja, saura suna amsawa, ana bin Ishiriniya harafi bayan harafi. Haka ake yi a Rabah, haka a Wurno, haka a ƙauyukan da ke bin gaɓar Rima har zuwa Goronyo. In mai ja ya yi tuntuɓe, dattijon da ke jingine da bango ba ya ambaton shafi, ba ya ambaton layi. Abin da yake cewa shi ne, "Koma ga baitin baya, ɗana." Yaro ya ce, "To, Allah gafarta Malam," ya ja numfashi, ya sake ɗaukowa daga inda aka ce.

Kalmar nan ta daɗe a bakin Bahaushe har ƙanshin baƙunta ya fita daga jikinta. Ta sami jam'i irin na gida, ana cewa baitoci, wasu su ce baituka. Ta karɓi ɗafa-ƙeya kamar kowace kalmar Hausa: baitin farko, baitin ƙarshe, baitin nan da ya sa tsohuwa hawaye. Tambayi manomin albasa a fadama mene ne baiti, zai ce yanki ne na waƙa, kuma ya faɗi daidai. Amma a bakin waɗanda aka aro kalmar daga wurinsu, ma'anarta ta farko ba waƙa ba ce. Ga Balarabe, bait gida ne.

Saiwar kalmar haruffa uku ce, ba da ya da ta, kuma aikatau ɗin da ke fitowa daga cikinta yana nufin kwana. Duk wanda ya sauke farali ya haɗu da 'yar'uwar wannan kalma ko da bai lura ba, domin kwanan da alhazai ke yi a Muzdalifa da Mina sunansa mabit. Ke nan bait shi ne inda dare ya sami mutum ya shimfiɗa haƙarƙari. Ba a duba tsawon katanga, ba a duba ko ginin ƙasa ne ko na dutse, ko ma tanti ne da za a naɗe gobe da asuba. Wannan tunani bai yi wa Bahaushe nisa ba. Shi ma da kwana yake auna zama. Da safe abin da yake fara tambayar maƙwabci shi ne yadda ya kwana. Tafiya kwana uku ce ko kwana bakwai, ba yini ba. Mai mata biyu rabon kwana yake yi. Baƙon da ya yini ya tafi bai zama na gida ba tukuna, sai ran da ya kwana.

To ta yaya gida ya koma waƙa?

Amsar tana Basra, a ƙarni na 8 na Miladiyya, wurin Khalil ɗan Ahmad al-Farahidi, mutumin da ya zauna ya saurari waƙoƙin Larabawa na dauri har ya fitar da ma'auninsu. Ya tsara karuruwa 15, daga baya Akhfash ya ƙara ɗaya suka cika 16, ilimin kuma shi ne aruli da ake karantawa har yau a zaurukan malamai da sassan Larabci da Hausa na jami'o'i. Larabawa tun kafin Khalil suna kiran layin waƙa bait, kuma akwai wasan harshe mai daɗi a ciki: tantin gashi da makiyayi ke kafawa baitus sha'ar ne, layin waƙa kuwa baitus shi'ir, wasali ɗaya tak ya raba su. Sai sunayen aruli suka bi tantin nan gaɓa-gaɓa. Kowane rabi na baiti misira'i ne, wato ɓangare ɗaya na ƙofa mai ganye biyu. Ƙananan guntayen sauti da ake haɗa ƙafar waƙa da su, wani sababi ne, wato igiya, wani watadi ne, wato turken da ake kafawa a ɗaure igiyar. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga Buzaye suna kafa tantinsu na fata a bayan gari da rani, ya ga yadda ake ja nan a sassauta can har abin ya tsaya daram, ya ga aruli da idonsa. In igiya ɗaya ta saki, tanti ya karkace. In gaɓa ɗaya ta yi nauyi inda ya kamata ta yi sauƙi, kunne ya ce kari ya karye.

Kalmar ta yi yawon duniya ƙwarai. Masu Farisanci da Turkanci da Malayanci duk sun karɓe ta da ma'anar waƙa. A gaɓar tekun gabashin Afirka, masu Suwahili suna cewa ubeti, jam'i beti. Italiyawa ba su aro ta ba, amma kalmar da suke kiran baitin waƙa da ita ma'anarta ɗaki, kamar dai mutane a wurare masu nisa da juna sun ji abu guda: cewa magana mai ma'auni wuri ne da ake shiga a zauna. A cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa akwai Baitalami, sunan da farkonsa wannan gidan ne a bakin Ibraniyawa. Kai, har harafin da yaro ke fara wankewa a allonsa na farko, ba ɗin bisimilla, masana tarihin rubutu sun bi sawunsa zuwa harafin Finikiyawa mai suna bet, wanda asalinsa zanen gida ne. Ba ɗin ajami da ba ɗin boko kakansu ɗaya.

Abin lura shi ne irin zaɓen da Hausa ta yi. Ba ta da ƙarancin sunayen muhalli. Tana da gida da ɗaki da zaure da shigifa da soro da bukka da turaka, saboda haka ba ta buƙaci wani sabon suna ba. Babu mutumin Rara da zai tashi daga kasuwa ya ce zai koma baitinsa. Ma'anar gida ta tsira ne kawai a cikin sunaye masu nauyi waɗanda aka ɗauko ɗungurungum: Baitullahi, wato Ka'aba, wadda Bahaushe ya fi kira Ɗakin Allah; Baitul Muƙaddas; Ahlul Baiti, iyalan gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi; sai kuma Baitulmali. Amma baiti shi kaɗai, ba tare da an jingina shi da kome ba, an bar wa waƙa.

Da ya shigo kuma sai ya yi faɗi. A Larabci bait layi ne guda mai rabi biyu. A Hausa ya zama gungun ɗangogi, kowane layi ɗango, kuma manazarta irin su Abdulƙadir Ɗangambo sun jera sunayen da ake rarrabe su da su. Waƙar da baitinta ɗango ɗaya ne gwauruwa ce, ba ta da abokin zama. Mai biyu ƙwar biyu, mai uku ƙwar uku, har zuwa ƙwar biyar wadda marubuta suka fi ƙauna. Wanda ya san saƙar gargajiya zai tuna da yadda ake ƙirga faɗin tufa da ƙwarya, ana jera sawaye ana ɗinkewa har zane ya cika. Tanti dai ya shigo ƙasar masu gini da masu saƙa, ya koyi zamansu.

Babu inda wannan ya fi fitowa kamar a tahamisi. Mutum ya sami waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, waƙar da yake girmamawa, sai ya ɗora ɗango uku nasa a gaban kowane biyu, da kari iri ɗaya, da amsa-amon da ya dace, baiti ya zama mai biyar. Bai rushe kome ba, bai goge sunan mai ita ba. Haka gidan gado ke girma a ƙasar Hausa: ɗa ya yi aure, a ja masa sashe a jikin katangar uba, zaure ɗaya ake shiga. Ishiriniyar da ake ja a zaurukan Rara ita kanta haka aka gina ta. Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya tsara asalinta, baiti ashirin ga kowane harafi, daga nan sunan ya fito. Ibn Mahib ya zo ya yi mata tahamisi, kuma a wannan siffa ce ta shiga ƙasar Hausa ta zauna. Yawancin masu rera ta ba su damu da rarrabe inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya ɗauka ba, kuma wannan shi ne shaidar ƙwarewar magini na biyu.

Misali mafi kusa da gida shi ne Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsara ta da Fulatanci, gargaɗi ne ga masu riƙe da al'amuran jama'a da waɗanda ake mulka baki ɗaya. 'Yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa. Ɗansa Isa, autan Shehu, ya yi mata tahamisi. Hannu uku, uba da 'ya da ɗa, a cikin kowane baiti guda. Idan akwai waƙar da ta cancanci a kira baitocinta gida, wannan ce.

A nan ne ƙasar Wurno da Rabah ke da abin faɗa fiye da sauran wurare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, sansanin tsaron iyaka da ke fuskantar Gobir, ya mayar da shi mazauninsa, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Ɗansa Aliyu Babba ma a can ya fi zama, shi ya sa Bajamushen nan Heinrich Barth ya yi kwanaki a Wurno a 1853. Rabah kuwa ta ba da sunanta ga wani ɗan Bello, Abubakar Atiku na Rabah, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Mutanen da aka zaunar a waɗannan garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da su gauraye suke: Fulani da aka ce su ajiye sandar yawo su yi gini, Gobirawa da Zamfarawa da Adarawa, bayin da yaƙi ya kawo. Mafi yawansu ba su karanta Larabci ba, matansu kuwa ko allo da yawa ba su taɓa riƙewa ba. Takarda tsada gare ta, ta hamada ake kawo ta. Littafi kuwa da hannu ake kwafarsa, wata da watanni.

Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ga wannan matsala da idonta, kuma maganin da ta samo baiti ne. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta san abin da ake iya ɗauka da abin da ake bari a baya in tafiya ta zo ba shiri. Ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowane harshe da mutanensa. Ta yi wa Bello marsiyya. Ta waƙe yaƙin Gawakuke na 1836. Ta tara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin gajeriyar waƙa da mace za ta iya haddacewa tana daka. Sannan ta kafa tsarin 'Yan Taru: daga kowane ƙauye a zaɓi dattijuwa amintacciya, a naɗa ta jaji, a ɗora mata malfa, ita za ta jagoranci mata zuwa wurin Asma'u, su karɓi waƙa baiti-baiti, su koma su koya wa waɗanda aure da goyo suka tsare a gida. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Jean Boyd, wadda ta shafe shekaru a Sakkwato tana bin sawun wannan tarihi, ita da Beverly Mack suka tattara ayyukan Asma'u a littafi guda a 1997.

Ya kamata a tsaya a yi tunanin abin da ya sa baiti ya iya ɗaukar wannan kaya, zube bai iya ba. Zance in an sake shi sakaka, kowane baki ya bi ta kansa sai ya rage wani abu ya ƙara wani. Baiti kuwa yana da masu gadi biyu. Kari yana ƙirga gaɓoɓi, in kalma ta faɗi a hanya rami zai bayyana, harshe ya yi tuntuɓe a wurin. Amsa-amo yana tsare ƙofar fita, in an musanya kalmar ƙarshe kunne zai ƙi. Saboda haka jajin da ta taso daga Sakkwato ko Wurno da hukuncin alwala a cikin baiti biyar, da baiti biyar ɗin za ta isa ƙauyensu. Hausa kuma ta dace da wannan ma'auni ba tare da an tilasta mata ba, domin tana da gaɓa mai nauyi da mai sauƙi kamar Larabci, shi ya sa karuruwa irin su Kamil da Wafir da Basiɗ da Mutaƙarab suka zauna mata kamar don ita aka yanka. Malaman zaure sun san wannan sirri tun tuni. Nahawu a cikin baiti dubu na Alfiyyar Ibn Malik ake haddace shi, fiƙihun farko a cikin Ƙurɗabi, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya zuba ilimin sarfu a cikin waƙa don ɗalibai su iya ɗauka.

Sai dai ƙasar nan ba ta malamai kaɗai ba ce. Daga yankin Gandi, cikin wannan ƙaramar hukuma ta Rabah da Rara ke ciki, Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya fito, makaɗin 'yan dambe da manoma, wanda ya sa sunan ɗan dambe Shago ya ratsa ƙasar Hausa. Ɗan Anace bai san baiti a waƙarsa ba, haka Narambaɗa, haka Jankiɗi, haka Ɗanƙwairo. Waƙar baka tana da gindi, wanda 'yan amshi ke komawa kansa, tana kuma da ɗiya, kowane yanki ɗa ne. Sa'idu Muhammad Gusau, da ya zo tsara hanyar nazarin waƙar baka, waɗannan kalmomi na makaɗa ya riƙe, babban saƙon waƙa kuma ya kira shi turke. Masu nazarin rubutacciya suna cewa jigo. Manomin fadama ya san jigo, itacen nan da ake ɗaura wa guga a ɗebo ruwa a zuba a fangali kafin injin ban ruwa ya zo ya kore shi. Makiyayi ya san turke. Abin sha'awa ne a ga Khalil a Basra ya kai hannu ga turken tanti, manazarcin Hausa bayan shekara fiye da dubu ya kai hannu ga turken dabba, kowa ya ɗauki abin da ke tsakar gidansu.

Yau kuwa baiti yana neman haɗiye ɗa. A rediyo za a ji mai gabatarwa ya ce ga wani baiti daga waƙar Ɗan Anace, matasa a waya suna tura wa juna baitin waƙar fim, baitin waƙar siyasa. Harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ba wanda zai hana shi tafiya. Amma akwai asara a nan wadda ta isa a faɗe ta. Baiti abu ne da aka auna, aka rufe, aka ƙirga, gobe ma haka za a same shi. Ɗa kuwa a fage ake haihuwarsa. Makaɗi ya hango wani ya shigo, nan take ya sa shi a waƙa. Ya ga fili ya yi sanyi, ya gajarta. Ya ga an taso da kyauta, ya tsawaita. Waƙa ɗaya in ya rera ta sau uku, 'ya'yanta ba za su zo daidai ba, kuma ba kuskure ba ne, haka sana'ar take. Wanda ya kira ɗa baiti, ba da jimawa ba zai fara tambayar wanne ne sahihin, ya ɗauki faifan da aka naɗa rana ɗaya a matsayin waƙar duka. Mutanen da suka raba sunayen nan biyu sun san abin da suke rarrabewa.

Baitulmali kuwa tafiyarsa daban. A tarihin Musulunci shi ne taskar jama'a, inda zakka da haraji da ganima ke taruwa, kuma an fi danganta tsara shi da zamanin Sayyidina Umar. Da Turawa suka ci ƙasar nan, suka ga sunan a littattafan malamai, sai suka ɗora shi a kan taskar En'e da suka fara kafawa a Katsina da Kano wajen 1909, daga baya ta bazu ko'ina, da Ma'aji a kanta. Daga nan kalmar ta fita daga littafi ta shiga rayuwar talaka ta ƙofa mai zafi. Harajin da dagaci ya tara, da jangalin da aka ƙirga a kan shanun Fulani, hakimi ke haɗawa ya kai Baitulmali a Sakkwato. Ahmadu Bello, jikan Atiku na Rabah, wanda aka haifa a Rabah, wannan aiki na cikin abin da ya yi bayan an naɗa shi hakimin garin a 1934, shekara huɗu kafin ya zama Sardauna. An rushe tsarin En'e da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma kalmar ta ƙi tafiya. Har gobe in mai labarai ya ce an wawure baitulmali, zafin da mai sauraro ke ji ya fi na a ce an taɓa asusun gwamnati. Asusu na hukuma ne. Baitulmali kuwa yana tuna wa mutum cewa dukiyar tana da gida, gidan kuma amana ne.

Akwai kuma wani karo da zamani ya kawo. Ɗalibin da ya rubuta kalmar da boko a wayarsa yana neman bayani, ya bar wasalin ƙarshe, sai ya ga hotunan ƙugiya da tana sun cika masa fuska. A Turanci haruffan nan huɗu suna nufin ƙoto, abin da ake sa wa ƙugiya ko tarko don a jawo kifi ko dabba. Babu dangantaka ko ta kusa ko ta nesa tsakaninta da ta Larabci. Ta Turancin daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta fito, dangin kalmarsu ce ta cizo, kuma ko furucinsu ba ɗaya ba ne. Masuntan Rima ba su jira kowa ya koya musu wannan ba. Tun kafin a kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, suna haƙar tana a bakin gulbi, suna jera ƙugiyoyi a mamari, suna sa dusa a gura. Sun san abin da tarwaɗa ke so da abin da ƙarfasa ke bi. Kalmarsu ma daga baki ta fito kamar ta Turawan, domin ƙoto shi ne abin da kaza ke yi in ta sa baki a ƙasa tana tsintar tsaba.

Gulbin nan da ke ciyar da su shi ne ya nuna wa mutanen yankin raunin gini. A watan Satumba na 2010 Rima ta yi ambaliyar da ba a manta ba. Ruwa ya shafe ƙauyuka a Goronyo da Wurno da ƙasa da su, ya cinye gonakin shinkafa da gero ana dab da girbi, ya yanke hanyar da ke kaiwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gidajen ƙasa suka narke kamar gishiri. Shekara takwas bayan haka, a Yulin 2018, 'yan bindiga suka auka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kusa da ita, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi, aka zaunar da su a makaranta. Tun daga lokacin gabashin Sakkwato bai huta ba. Akwai ƙauyukan da mutanensu ke yini a gida, in la'asar ta yi su kama hanyar gari don su kwana. A ma'aunin tsohuwar kalmar nan, wurin da mutum ba ya iya kwana ya daina zama bait, ko da katangarsa na tsaye, ko da rumbunsa na cike. Alƙur'ani ya buga misali da gidan gizo-gizo a matsayin mafi raunin gidaje, kuma da wannan kalma ya ambace shi. Wanda ya ga uwa da goyo da tabarma a ka tana neman inda za ta sa 'ya'yanta kafin magariba, ba ya buƙatar tafsiri mai tsawo.

Masu tsara waƙa na zamanin Asma'u, da waɗanda suka biyo su, sun san cewa abin da aka gina yana iya zubewa, har wanda aka gina da magana. Shi ya sa da yawansu ba su ajiye alƙalami sai sun yi ƙidaya. Bayan godiya ga Allah da salati, mawallafi yakan faɗi yawan baitocin waƙarsa a cikin waƙar kanta, ya sa shekarar da ya gama ta hanyar ramzi, wato kalmar da in aka haɗa lissafin haruffanta za ta ba da shekarar Hijira, wani lokaci ya ambaci sunansa da na mahaifinsa. Mai kwafa in ya kai ƙarshe sai ya koma farko ya bi da yatsa yana ƙirgawa. In mawallafi ya ce sittin shi kuwa ya sami hamsin da tara, ya san akwai wanda ya faɗi a hanya. Sai ya naɗe takardunsa a gafaka, ya nemi wani malami a Wurno ko wata tsohuwa a Rara da ta haddace waƙar tun tana budurwa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ki ja mini daga farko." Ita kuma ta gyara zama, ta fara, shi yana bi da yatsa har su iso wurin da ramin yake.